Jirgin Yaƙi Ba Ya Son Sheƙi: Nazari Kan Fentin Jiragen Wasa

Ƙera abin wasa tsohuwar sana'ar yara ce a ƙasar Hausa. Da karan dawa aka fara, a ɓare ɓawo, a yanka totuwa, a harhaɗa mota ko jirgi. Daga baya gwangwanin madara da waya da tsohon silifas suka shigo. Yanzu kuwa akwai matasan da ke tsinto farin soson da ake tallafe firji da talabijin da shi a cikin kwali, su sassaƙa fiffike, su ɗaura ɗan inji da batir da rimot, jirgi ya tashi sama da gaske. A gari irin Suleja, mai maƙwabtaka da Abuja, inda kayan lantarki da na fenti suke jibge a Kasuwar IBB, samun kayan aiki ba shi ne babbar matsala ba. Inda aka fi yin sakaci shi ne wajen gamawa.

Sai ka ga saurayi ya ɓata makonni yana auna fiffike da jela, ya daidaita nauyi, sannan a rana ta ƙarshe ya sayo fentin mai, irin na ƙyauren gida, ya malale jirgin da shi. Nan take abin ya koma kayan roba na kanti. Ido ba ya yarda da shi, domin ya san jirgin soja ba haka yake ba. Jiragen A-29 Super Tucano guda 12 da Rundunar Sojin Sama ta Nijeriya ta karɓa daga Amurka a 2021, waɗanda aka girke a sansanin Kainji a nan Jihar Neja, fentinsu na sajewa da daji ne, kuma a dushe yake. Dalilin a fili yake: jikin da ke walƙiya a rana yana tona asirin mai shi daga nesa, yana kuma kashe wa matuƙi ido.

Abin da ya kamata maƙeri ya fara fahimta shi ne launi daban, sheƙi daban. Fenti mai santsi yana mayar da haske ta fuska ɗaya, shi ya sa yake ƙyalli. Wanda ya bushe da ƴan gurza-gurzan da ido ba ya gani kuwa yana warwatsa hasken ta ko'ina, sai ya fito a dushe. Kamfanonin fenti suna samar da wannan ne ta hanyar zuba gari mai laushi ƙwarai a ciki. Masu ƙera jiragen wasa a ƙasashen waje sun daɗe suna yin makamancin haka da hodar shafawa: a barbaɗa kaɗan cikin ruwan rufi marar launi, a motsa sosai, a gwada a kan guntun soso kafin a taɓa jirgi. Idan hodar ta yi yawa, jiki zai yi fari-fari kamar an watsa masa toka, rufin kuma ya yi saurin ɓarewa.

Hanya mafi sauƙi a ganina ita ce fentin ruwa, irin na bangon ɗaki. Yana bushewa a dushe ba tare da an yi masa wata dabara ba, yana da araha, kuma ba ya cin soso. Wannan na ƙarshe babban al'amari ne, domin tina da fetur da galibin fentin gwangwanin feshi suna narkar da farin soso cikin ƙiftawar ido. Aikin wata guda yana iya lotsawa da feshi ɗaya. Sai dai fentin ruwa yana da nauyi idan aka lafta shi, jirgin da zai tashi kuwa ba ya yafe nauyi, musamman a jela. A tsinka shi da ruwa, a shafa siriri sau biyu ko uku, kowanne ya bushe tukuna. Wanda ya riga ya yi fenti mai sheƙi yana iya kashe sheƙin da samfefa mafi laushi, a hankali, ba da ƙarfi ba.

Tambari ma yana da nasa tsari. Zagayen kore da fari da kore na sojin sama, idan na liƙawa ne, a kan jiki mai santsi ake manna shi, sannan a bi da rufi mai dushewa a bisansa. In aka liƙa a kan jiki mai gurza, iska takan maƙale a ƙasa, gefensa ya yi fari. Lokaci kuma abin lura ne. Danshin damina yana sa rufi ya yi hazo-hazo, ƙurar hunturu kuma tana manne wa ɗanyen fenti. Ɗaki rufaffe da aka yayyafa wa daɓensa ruwa ya fi tsakar gida.

Amma kada a ɗauka duk jirgin yaƙi haka yake. A Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta shafa wa jirginta na dare, Mosquito, wani baƙin fenti mai kaushi, sai aka tarar kaushin yana rage masa gudu, aka sauya. Amurka kuwa baƙi mai sheƙi ta yi wa jirginta P-61, bayan gwaji ya nuna ya fi ɓacewa cikin hasken manyan fitilun neman jirage. Daga 1944 ma yawancin jiragenta ba fenti suke fitowa, ƙarfe tsirara. Saboda haka ƙa'idar ba ita ce a kashe sheƙi ko ta halin ƙaƙa ba. Ƙa'idar ita ce a zaɓi jirgi takamaimai, a ƙura wa hotunansa ido, a ga inda hayaƙi ya yi baƙi, inda rana ta koɗar da launi, inda takalman makanikai suka goge.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne Suleja ba baƙuwa ba ce a ilmin gyaran jikin abu. A nan, lokacin garin yana amsa sunan Abuja, Bature Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Sulaimanu Barau. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin, kuma hotonta ne a bayan takardar Naira 20. Ta zo da ilmin matan Gwari, masu goge ɗanyar tukunya da ɗan dutse, su yayyafa mata ruwan makuba na ɓawon ɗorawa tana fitowa daga wuta, ta yi duhu da ɗan haske mai natsuwa. A cibiyar ta haɗu da ruwan gilashi da murhu mai tsananin zafi, masu ba tukunya ƙyalli. Ta san duka biyun, ta kuma san abin da kowanne ke yi wa zanen ƙadangare da kifi da take tsagawa. A wajen waɗannan mata gamawa rabin aiki ce, ba abin da ake yi cikin gaggawa da yamma ba.

Wannan natsuwar ce nake nema wa masu ƙera jirage. Malaman zane da na kimiyya a makarantun Suleja suna iya haɗa yaran nan da tsofaffin masu fentin mota da magina tukwane, ko da yini ɗaya ne a zango. Kai kuma ɗan'uwa mai ƙira, kafin ka buɗe gwangwanin fenti, yanki guntun soso uku, ka gwada haɗi uku, ka fita da su rana ka duba daga taku ashirin.