Tsohuwar Rediyo Ba Ta Buƙatar Gyaran Ɓoye

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin masu tara tsofaffin rediyoyi a Ingila da Amurka da Jamus, yanzu kuma samarinmu masu gyara sun fara ganinta a waya suna sha'awa. Mutum zai ciro tsohuwar kwandansa daga rediyon shekarun 1940 ko 1950, ya ɗumama ta har kakin jikinta ya narke, ya zare abin da ke ciki, ya bar kwanson kwalin mai ɗauke da sunan kamfani, irin su Hunts ko Sprague. Sai ya cusa sabuwa 'yar mitsitsiya a ciki, ya toshe bakin da kaki, ya mayar da ita mazauninta. In ta gwangwanin alminiyam ce, sai a yanka ta daga gindi, a kwashe cikinta, a jera sababbi, a liƙe. Duk wanda ya buɗe bayan rediyon zai rantse tun da ta baro masana'anta hannu bai shiga cikinta ba. Aikin yana son haƙuri da natsuwa, kuma yana da kyan gani, ban musa ba. Sai dai ba na so ya zama abin koyi a wajenmu.

Canjin kansa dole ne. Tsohuwar kwandansa takarda ce da siririn ƙarfe aka naɗe tare aka tsoma a kaki. Da shekaru suka tura, takardar kan sha laima ta fara yoyon wuta. Idan wadda ke gaban bawul ɗin da ke tura murya ce ta fara yoyo, bawul ɗin zai yi ta ɗaukar zafi har ya ƙona taransifoma, wadda samun irinta yau sai an sha wuya. Masu ruwan sinadari a ciki kuwa bushewa suke yi, shi ya sa za ka ji rediyo tana gurnani ko muryarta ta shaƙe. Injiniyoyi suna da wani ƙiyasi: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanan irin wannan kwandansa. To, a auna da rediyon da ta yi bazara arba'in a ɗakin kwano tsakanin Kankia da Kusada. Wanda ya ce a bar tsofaffin don “asali” bai taɓa jin ƙaurin taransifoma ba.

Tambayata ita ce, me ake ɓoyewa, kuma wa ake ɓoye wa?

Rediyoyin da suka raini mutanen ƙauyuka irin su Tafashiya yawancinsu ba masu bawul ba ne. Waɗannan sai gidan hakimi ko na manyan ma'aikatan En'e. Abin da ya shiga ƙauye shi ne taransista mai batir, Philips da National da Sony, wadda ta zo daidai lokacin da aka sami abin saurare: BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Ba a kan kanta aka ajiye ta ana goge mata ƙura ba. An rataya ta a ƙahon keke, an jingina ta a gindin kuka ana huɗa, an kwana da ita a kan tabarma ana jiran shirin Zaɓi Sonka.

Ka ɗauki irin wannan rediyo ka juya ta. Eriyar ta karye tun tuni, an ɗaura wayar jan ƙarfe a madadinta. Murfin batir ya ɓace, an naɗe manyan batura huɗu a kwali, an ɗaure da robar tayar keke a bayanta, wayoyi biyu sun shiga ciki ta wata 'yar huda da aka yi da zazzafan ƙusa. Rigar fatar da baduku ya ɗinka mata ta yi baƙi da gumin hannu. In ka kwance ta, za ka ga dalma kala uku, aikin masu gyara uku da wataƙila ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya mai tsafta, ɗaya mai gaggawa, ɗaya kuma da alama ƙarfen da ya gasa a gawayi ya yi aiki da shi. Wannan shi ne tarihin rediyon nan. Bature mai tara kaya yana neman ranar da aka fito da ita daga kwali a Holan ko Japan. Mu kuwa abin da ya ba ta daraja duk bayan wannan ranar ya faru.

Sannan akwai mai gyara na gaba, wanda ba a cika tuna shi ba. Rediyo takan fi mai gyaranta daɗewa. Wanda zai buɗe ta nan da shekara ashirin da ido yake fara aiki kafin ya ɗauko mita. Ya ga kwandansar kaki, abin da zai zo masa shi ne tsohuwa ce, sai ya datse ta ya yar, aikin kwana biyu ya tafi a banza. Ko kuma akasin haka: an gaya masa an cusa sababbi, ya saki jiki, alhali uku aka yi aka gaji aka bar biyar. Gyaran da ke fili yana gaya wa na baya inda aka tsaya.

Ga kuma ciniki. Tsohon kaya ya fara kuɗi, kuma “ba a taɓa buɗe ta ba” magana ce mai ɗaga farashi. Ranar da wannan dabara ta faɗa hannun dillali mara tsoron Allah, sunanta algus. Wanda ya yi aikin da zuciya ɗaya ba shi da iko da abin da za a faɗa a hannu na uku.

Inda na yarda da wannan dabara guda ne. Idan za a kai rediyo gidan tarihi, kamar na Katsina da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina ko Gidan Makama a Kano, don ɗalibai su ga yadda cikin na'ura yake a zamanin En'e kuma su ji ta tana magana, to a cusa, a kuma rubuta a takarda abin da aka yi. Can kamanni ake nema. Su ma masu tara kayan na ƙwarai a Turai sukan bar rubutu a ciki.

Amma rediyon gado da ke gidanku, wadda ka ɗauko ka ce wa mai gyara, “Malam, ta marigayi Baba ce, so nake kawai ta yi magana,” shi kuma ya ce, “Allah ya jiƙansa, bar ta zuwa jibi,” wannan a sa mata sababbi a fili. Ana samun su a Sabon Gari a Kano da kuɗi kaɗan, sai dai a kula da ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsu, kuma a guji na jabu, don sun cika kasuwa. Tsofaffin da aka cire a zuba su a 'yar leda a ba mai kaya. A ɗauki biro a rubuta shekara da abin da aka canja a cikin murfin baya.

Lokacin da saurayi zai ɓata yana narka kaki don kwandansa ɗaya ya isa ya tayar da rediyo biyu. Kuma rediyoyin ne ke ƙarewa. Masu gyaran da suka san gajeren zango sun tsufa, yaransu sun koma gyaran waya da sola, 'yan gwangwan kuma suna bi gida gida da kura, suna sayen Philips ɗin kaka a kan kilo don su fasa ta su cire jan ƙarfen da ke ciki.