Idon da Ke Karanta Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera a Katsina ya ga wannan abin. Yaro na bugun zuga-zugi, gawayi na ci, maƙeri ya riƙe ƙarfe da awartaki yana jujjuya shi, bai ce uffan ba. Ƙarfen ya yi ja mai duhu, bai taɓa shi ba. Sai da ya koma ruwan lemo sannan ya fizgo shi ya ɗora bisa uwar maƙera ya hau shi da masaba. Ba shi da ma'aunin zafi, amma idonsa ya gaya masa cewa wutar ta doshi digiri 1,000. Wannan idon ne nake sha'awa, kuma shi ne masu masana'antu suke laluba a jikin matashin da ya karanto injiniyancin ƙarafa, sai dai shi ana so idonsa ya zo tare da lissafi.

Katsina ta san wannan sana'a a babban mataki tun 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin da aka buɗe kamfanin mulmula ƙarafa da Kobe Steel na ƙasar Jafan ya gina. Uku aka yi irinsa, a Katsina da Jos da Oshogbo, kowanne da ƙarfin fitar da tan 210,000 a shekara. Tsarin shi ne a narka ƙarfe a Aladja kusa da Warri, a zuba shi curi-curi, a ɗauko shi tafiyar fiye da kilomita 1,000, a gasa shi a nan a mulmula shi ya zama rodi da waya. Da Aladja ta durƙushe, kamfanin ƙarafa na Ajaokuta kuma bai taɓa tashi ba, sai curin ya yanke. A 2006 kamfanin ya koma hannun Dana Steel.

Abin da wannan tarihi ya haifar shi ne mafi yawan rodin da ake yi a Najeriya yau daga tsofaffin ƙarafa yake fitowa, waɗanda 'yan gwangwan da 'yan jari-bola ke tarawa: gangar jikin mota, tsohuwar garma, injin niƙa da ya mutu, gadon ƙarfe. A nan ne aikin injiniya ya yi tsada. Wanda ake kawo wa curi daga masana'anta ɗaya ya san abin da ke hannunsa. Wanda ake juye wa tirela goma ta tarkace, kullum da sabuwar miya yake tashi, kuma dole ta fito da ɗanɗano ɗaya.

Kafin a zuba narkakken ƙarfe, wanda zafinsa ya haura digiri 1,500, ana ɗibar ɗan kaɗan a bar shi ya daskare, a goge fuskarsa, a ɗora a na'urar tantance sinadarai. Cikin minti kaɗan lambobi za su fito. Kowa zai iya karanta su. Sanin abin da suke nufi da abin da za a yi kafin tukunya ta huce, shi ne gwanintar. Kabon idan ya wuce kimanin kashi 0.25 cikin 100, rodi zai yi tauri amma ya yi gautsi, walda kuma ba za ta kama shi da kyau ba. Farar wuta kan sa ƙarfe ya tsage yana da zafi, sai a kashe kaifinta da manganis. Fosfaras kuwa sai ƙarfe ya huce yake nuna halinsa, a zo lanƙwasa shi a wurin gini ya karye kamar rake.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne jan ƙarfe. Yana shigowa ne a ɓoye, cikin wayoyin tsohuwar mota da naɗin injinan lantarki, kuma idan ya narke a ciki ba ya bin kashin maƙera ya fita. Sa'ad da aka sake gasa curin a wajen digiri 1,200, fatar baƙin ƙarfen tana ƙonewa ta zube, shi kuwa jan ƙarfe, da yake yana narkewa tun a 1,085, sai ya zama ruwa ya tsiyaya tsakanin ƙwayoyin ƙarfen. Da curin ya shiga bakin injin mulmula, sai ka ga jikinsa ya yi faso. Injiniyan da ya san aikinsa ba zai tsaya zargin injin ba. Fita zai yi zuwa filin tarkace ya duba abin da aka loda jiya. A can ne kuma zai tsare rayukan mutane, don jiƙaƙƙen ƙarfe ko tukunyar gas da ba a huda ba, idan suka faɗa cikin narkakken ƙarfe, fashewa ce.

Na taɓa ganin wani matashi mai wannan karatu a wurin ginin bene. An sauke rodi da aka ce mai milimita 12 ne. Ya sa aka yanko mita ɗaya cif, ya ɗora a sikeli. Rodi 12 na gaskiya giram 888 ne a kowace mita, nasu kuwa 750 ya nuna. Tsohon magini ya ce, "Injiniya, ai da ido ba bambanci." Ya ce, "Haka ne, Baba, amma wannan 11 ne. Kusan kashi 16 cikin 100 na ƙarfen babu shi, kuma dakin ba ya duban ido." Sai ya lanƙwasa guntun, ya miƙa wa dattijon ya nuna masa bayan gwiwar, inda tsaga take fara fitowa idan ƙarfe na da gautsi. Bai ɗaga murya ba, bai kunyata kowa ba, aka mayar da kayan.

Wannan hali ba ƙaramin abu ba ne wajen mai ɗaukar aiki. Ƙin amincewa da zubi guda asarar tan-tan na ƙarfe ce da kuɗin wuta, kuma matashin da zai faɗi haka sau da yawa shi ne ƙarami a wurin. Ana so ya iya tsayawa gaban manaja ya ce a dakata, ya kawo lambobinsa, ya rubuta rahoton shafi ɗaya da wanda bai karanta kimiyya ba zai gane. Ana so kuma ya iya sauraron ma'aikacin da ya shekara ashirin a bakin tanderu, wanda daga ƙarar injin kaɗai yake sanin curi bai gasu ba. Ƙwarewa a kwamfuta da zanen injina na da amfani, amma waɗannan ana koyonsu cikin 'yan watanni.

Ɗan Katsina da ke son wannan hanya ba sai ya yi nisa ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na da sashen injiniyancin ƙarafa, karatun shekara 5, a Jos kuma akwai cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa. A ganina watannin koyon aiki a masana'anta, waɗanda wasu ɗalibai ke ɗauka hutu, su ne zuciyar karatun. A nan ne ɗalibi zai fara goge guntun ƙarfe har ya yi ƙyalli kamar madubi, ya ɗiga masa ruwan asid, ya leƙa ta madubin ƙara girma ya ga ƙwayoyinsa fari da baƙi, ya iya cewa wannan an bar shi ya huce a iska, wancan kuwa an tsoma shi a ruwa tun yana ja.