Hikima da Tsoron Allah: Daga Bakin Kwanon Awo zuwa Littattafan Ibraniyawa

A kasuwar Gwarzo ko ta Kabo, in mai awo ya cika kwano da dawa, ya sa gefen hannu ya zaftare tozon a fakaice, mai saye ba ya ce masa ya yi hankali. Cewa yake, "Haba Malam, ka ji tsoron Allah mana!" Ya san hankali bai yi wa mai awon kaɗan ba, wayo ne ya yi masa yawa. Wannan gejin da ke tsakanin wayo da hikima shi marubutan Ibraniyawa suka daɗe suna nema.

Kalmarsu ita ce hokma, jinin hikma ta Larabci, wadda muka aro muka ce hikima. Hukunci da hakimi duk saiwarsu ɗaya da ita. Sai dai a wajensu hokma ta fara ne daga gwanintar hannu. A littafin Fitowa, ita aka ce an ba Bezalel, mai aikin zinariya da sassaƙa. A Sama'ila ta biyu kuwa, da wannan kalma aka siffanta Yonadab, wanda ya kitsa makircin da ya ɓata rayuwar wata yarinya a gidan sarauta. Da Bahaushe ne ya ba da labarin, da Gizo zai kira shi.

Ashe hikima wuƙa ce, tana fiɗa tana kuma kisa. Shi ya sa littafin Karin Magana, wanda ake jingina wa Annabi Sulaiman, ya kafa tsoron Ubangiji a matsayin tushe tun babin farko, ya sake nanatawa a babi na 9, sannan ya sauko kan ma'aunin algus a babi na 11. Musulmin da ya san gargaɗin Suratul Muɗaffifina kan tauye mudu ba zai ji baƙon abu ba. Kalmar da aka fassara da tsoro, wato yir'a, ta haɗa fargaba da ganin kwarjini, kusa da abin da malamanmu ke kira taƙawa.

Wani abin ban sha'awa: a 1924 Bajamushe Adolf Erman ya nuna cewa wani yanki na littafin, daga babi na 22, ya yi kama ƙwarai da nasihohin Amenemope na tsohuwar Masar. Wato Ibraniyawa ba su ji kunyar aron hikimar maƙwabta ba, sun dai ɗaure ta a turken tsoron Ubangijinsu.

Inda nake da ja shi ne yadda ake karanta Karin Magana kamar ciniki: ka ji tsoron Allah, rumbunka ya cika. Littafin Ayuba ya rushe wannan lissafi. Tun farko an shaidi Ayuba da tsoron Allah, amma dukiya da 'ya'ya da lafiya suka tafi, abokansa uku suka zauna suna lalubo masa laifi, su kuma aka tsawata wa a ƙarshe. A ƙauyukan yammacin Kano, inda wasu iyalan Maguzawa suka karɓi Kiristanci, ana karanta wannan labari da Hausa, harshen da ya samu cikakken Littafi Mai Tsarki tun 1932. Manomin da ya yi huɗa a kan kari, bai taɓa cin iyakar gonar kowa ba, ruwa kuma ya ɗauke masa ana tsakiyar fitar kai, ba sai an yi masa sharhin Ayuba ba.