A sauko da jirgin nan ƙasa

Tun da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto ya yi araha, bidiyon waƙoƙinmu ya kamu da ciwo guda. Waƙar rabuwa ce, ta biki ce, ta yabon ɗan siyasa ce, duk farkonsu ɗaya: kyamara ta leƙo daga sama, ta zagaya rufin wani katafaren gida, sannan ta sauko kan mawaƙi ya ware hannuwa. Sai fitilu, ja a dama, shuɗi a hagu, hayaƙi na tashi a baya. Ni dai ina zargin da yawa cikin masu ɗaukar ba sa zama su saurari waƙar kafin su kunna na'ura.

Ai duk inda aka ajiye kyamara, akwai abin da take faɗa. In ta matso fuska a hankali, tana jan mai kallo cikin zuciyar mai waƙa. In ta ja baya ta bar mutum a tsakiyar fili, kaɗaici ke nan. Wanda aka ɗauka daga ƙasa yakan yi kwarjini, wanda aka ɗauka daga sama kuwa ƙanƙancewa yake yi. Shi ya sa nakan yi dariya in ga ana kirarin gwarzo a baiti, alhali jirgi ya mai da shi tururuwa a hoto.

A 1990 John Maybury ya shirya wa Sinéad O'Connor bidiyon “Nothing Compares 2 U”. Mafi yawansa fuskarta ce kawai, bayanta baƙi ƙirin, kyamara ta kafe ba ta zuwa ko'ina. Mai kallo ba shi da inda zai kai idonsa, don haka da hawaye ya zubo mata wajen ƙarshe, dole ka gan shi. Wannan bidiyon ne ya ci kyautar bidiyon shekara ta MTV. Hiro Murai kuma, a “This Is America” na Childish Gambino a 2018, motsin ya sa ya yi masa aiki. Kyamara na bin mawaƙin yana rawa da 'yan makaranta cikin wani makeken sito, a can baya kuma ana tarzoma, ana gudu, hoton ya ɗan dushe. Sai ka kalla karo na biyu kake gane rawar ta ɗauke maka hankali daga tashin hankalin, kuma saƙon waƙar ke nan.

Batun haske ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ana dallara wa mawaƙiya fitila kai tsaye a fuska har kamanninta su wanke, sannan mai tace hoto ya ƙara mata fari, wai an yi kyau. Baƙar fata tana son haske mai laushi daga gefe, ya sauka kan kunci da goshi, a bar ɗaya ɓangaren cikin inuwa. Waƙar bege da aka haska ko'ina tas kamar ɗakin tiyata, ina begen zai ɓuya?

Kuma kada a kawo mini zancen kuɗi. Ranar la'asar sakaliya kyauta ce, haka hazon hunturu da ke tausasa komai, haka hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure. Kuɗin hayar jirgin da injin hayaƙin, da darakta zai ba mai ɗaukar hoto, su zauna yini guda suna bin baitoci ɗaya bayan ɗaya suna yanke inda kyamara za ta tsaya da inda za ta motsa, da ya fi amfani.