Wasanni Dubu Goma, Hannu Biyu: Sharhi a kan Game Stick

Alkawari uku ne aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalin 'yar na'urar nan da ake kira Game Stick: hoton "4K", wasanni 10,000, da hannun gem guda biyu marasa waya. Ita kanta na'urar kaɗan ta fi filashi girma. Ana soka ta a kafar HDMI ta bayan talabijin, a ba ta wuta ta USB, shi ke nan. Masana'antu da yawa ne ke ƙera ta a ƙasar Sin, sunan da ke jikin kwali yana canjawa daga shago zuwa shago, kuɗinta kuma bai kai na ƙaramar wayar Android ba. Na yi makonni ina gwada guda ɗaya a gida tare da ƙanne da yaran 'yan'uwa. Hukuncina shi ne, cikin alkawuran nan uku na ƙarshen ne kaɗai ya cika sosai, kuma shi kaɗai ya isa ya sa a waiwayi na'urar.

Bari mu fara da abin da ke cikinta. 'Yar ƙaramar kwamfuta ce mai ƙwaƙwalwa irin ta tsofaffin wayoyi, tana aiki da tsarin Linux. A kan wannan tsari aka ɗora manhajojin kwaikwayo, wato manhajojin da ke sa kwamfutar yau ta yi kamar ita ce na'urar jiya: Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, Mega Drive na Sega na 1988, Super Nintendo, Game Boy, da PlayStation na farko na 1994. Wasannin kansu suna cikin ƙaramin memori irin na waya. Babu sabon wasa ko ɗaya a ciki. Duk abin da mai saye zai gani an rubuta shi ne shekara ashirin zuwa arba'in da suka wuce.

Daga nan maganar "4K" ta rushe da kanta. Hoton 4K yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye. Yawancin wasannin Super Nintendo an zana su ne da ɗigo 256 a kwance, 224 a tsaye. Duk yadda aka buɗa hoton ya cika allo, ɗigon da mai zane bai sa ba babu inda zai fito. Wannan ba aibu ba ne a wurin wasannin, domin masu zanensu sun san iyakarsu kuma sun yi gwaninta a cikinta. Aibun na mai kwali ne da ya sayar da tsohon zane da sunan sabon abu.

Lissafin 10,000 ya fi wannan damuna, kuma mai karatun mujallar adabi zai gane dalili da wuri. A ce an miƙa maka kundin gajerun labarai mai shafi dubu biyar, babu edita, babu gabatarwa, labari ɗaya ya fito sau huɗu da suna daban-daban, wasu kuma cikin harshen da ba ka ji. Haka jerin wasannin yake. Wasa ɗaya zai zo da bugun Japan, da na Amurka, da na Turai, da wanda wani ya taɓa ya sauya launi, kowanne an ƙirga shi daban. Akwai tarin wasannin da duk rubutunsu Japananci ne, akwai waɗanda ba sa buɗewa sam. Wanda ya taso a shekarun 1990 zai tuna kakan wannan dabara: kaset ɗin gem da aka rubuta wa "9999999 in 1", ka kunna ka tarar da 'yan wasanni kaɗan suna ta maimaita kansu. A daren farko, lokacin da yara suka ɓata suna gangara jerin sunaye ya fi wanda suka yi suna wasa.

Kwatanta wannan da Super NES Classic da Nintendo ya fitar a watan Satumba na 2017 a kan dala 80. Wasa 21 kacal aka zuba a ciki, da hannu biyu a kwali. Amma wani ya zauna ya zaɓa, ya bar ɗaruruwa a waje, don haka duk inda yatsa ya faɗa akwai abin kirki. Zaɓi aiki ne, kuma shi ne aikin da masu Game Stick suka ƙi yi suka bar wa mai saye. Taron tsintsiya ne babu shara, sai in maigida ya zauna ya ware wa iyalinsa guda goma ko sha biyar ya sa su a jerin waɗanda aka fi so.

To, idan an yi wannan tankaɗe, me ya rage a rariya? A nan ne na'urar ta ci kuɗinta. Wasannin wancan zamani an tsara su ne da tunanin mutum biyu a zaune kafaɗa da kafaɗa, suna kallon allo ɗaya, kuma masu tsara su sun san cewa rabin daɗin yana faruwa ne a kan tabarma, tsakanin 'yan wasan biyu.

Ɗauki Battle City na kamfanin Namco, na 1985, wanda aka fi sani da wasan tankokin yaƙi. Ku biyu kuke gadin wata mikiya a ƙasan allo. Idan harsashinka ya sami abokinka ba zai mutu ba, sai dai ya daskare na ɗan lokaci abokan gaba suna tahowa. Kuma harsashinka na iya fasa mikiyar da kake gadi, wasa ya ƙare nan take. Da waɗannan ƙa'idoji biyu kawai, wasan ya tilasta wa mutum biyu su yi magana: kai tsare dama, ni hagu. A Contra na Konami, a matakin hawan dutse mai gangaren ruwa, idan ɗaya ya yi gaggawar hawa sama allo zai bi shi, na baya ya faɗi ya mutu. Wanda rayukansa suka ƙare kuma yana iya ɗaukar rai daga na abokinsa. Na ga yadda wannan ya haifar da shari'a tsakanin yaya da ƙani, da rantsuwa, da sulhu, duk cikin minti biyar. Bubble Bobble na Taito, na 1986, ya wuce nan: ko ka gama matakansa 100 kai kaɗai, ba zai nuna maka kyakkyawan ƙarshen labarin ba sai kun isa ku biyu.

A ɓangaren gasa kuwa akwai Street Fighter II na Capcom, wanda ya fito a 1991, da Super Mario Kart na 1992 mai raba allo gida biyu, da ƙwallon International Superstar Soccer Deluxe na 1995. Zagaye ɗaya na Street Fighter II ba ya wuce sakan 99. Gajartar nan ce ke ba da damar tsohuwar dokar gidan gem, wanda aka ci ya miƙa hannu, ta zagaya mutum shida ba tare da kowa ya gaji da jira ba. Maɓallan kuma kaɗan ne, yaro ɗan shekara shida zai gane su kafin a gama yi masa bayani.

Wannan shi ne abin da waya ba ta ba mu. Wasan waya na mutum ɗaya ne da allonsa, ko da yana fafatawa da mutum hamsin a intanet, kuma yana cin data, yana katse ka da talla. A nan babu data, babu rajista, babu talla. Akwai kuma wani abin da gidan gem na unguwa bai taɓa bayarwa ba. Can wurin samari ne, yarinya ba ta shiga, uwa ba ta leƙawa. Da gem ya shigo falo, sai ga ƙanwar da ba ta taɓa riƙe hannun gem ba tana lallasa yayyenta a tseren mota, Hajiya kuma tana daga gefe tana alƙalanci.

Sai dai na'urar tana yi wa wannan daɗi zagon ƙasa ta hanya uku. Na farko jinkiri. Waɗannan wasanni suna sauya hoto sau 60 a sakan ɗaya, wato kowane hoto yana ɗaukar kusan kashi 17 cikin dubu na sakan. Tsakanin danna maɓalli da ganin sakamako, saƙon yana bi ta iska zuwa 'yar na'urar karɓa, ya bi ta manhajar kwaikwayo, sannan talabijin ta yi nata gyaran hoton. Kowane mataki yana ƙara ɗan jinkiri. A Battle City ba za ka lura ba, amma a Street Fighter II za ka ji kamar ɗan wasanka yana shawara kafin ya bi umarni. Kunna "Game Mode" a saitin talabijin yana rage matsalar sosai, haka ma sabon batir da matsowa kusa. Wasannin PlayStation masu nauyi kuwa, irin su Tekken 3, ƙwaƙwalwar wadda na gwada ba ta iya ɗaukarsu ba tare da sarƙewar sauti ba.

Na biyu, hannu biyu ne kawai. Super Bomberman na 1993 da Crash Team Racing na 1999 an yi su ne don mutum huɗu su kara a lokaci ɗaya, kuma a nan ne daɗinsu yake. A gidan da yara suka kai bakwai, rabin wannan daɗi ya tafi. Na uku memorin. Mai araha ne ƙwarai, kuma tsarin na'urar gaba ɗaya a kansa ya dogara. Idan aka ɗauke wuta daidai lokacin da ake rubutu a kansa, yana iya lalacewa, na'urar ta ƙi tashi. A inda wuta ke zuwa tana tafiya ba sallama, hikima ita ce a ba ta wuta daga fawa bank, a kuma riƙa kashe ta ta cikin menu.

Akwai magana ta ƙarshe da bai kamata a tsallake ta a shafin marubuta ba. Wasannin da ke cikin memorin nan ba da izinin masu su aka kwafe su ba. Arahar na'urar daga nan ta samo asali: roba da waya kawai ka biya, aikin masu zane da masu kiɗa da masu rubuta manhaja an ɗebo shi kyauta. Marubuciyar da ta ga littafinta yana yawo a WhatsApp ba a biya ta ko sisi ba, da ɗan fim ɗin Kano da masu kwafar faifai suka karya, sun san sunan wannan abu. Gaskiya ne hanyar halal ɗin tana da ƙunci. Nintendo ya daina ƙera Super NES Classic tun ƙarshen 2018. Akwai Evercade VS na kamfanin Blaze na Ingila, wanda ya fito a 2021 a kan kusan dala 100, mai kafar hannu huɗu da kaset masu lasisi, amma sai an yi odarsa daga waje, kowane kaset kuma da kuɗinsa. Ƙuncin hanya bai mayar da kwafe ya zama halal ba, kuma ya kamata mai saye ya san abin da yake saya.

A taƙaice, Game Stick na'ura ce mai rauni da ta ɗauko kaya masu daraja waɗanda ba nata ba. Wanda ke neman hoto mai kyau ko ƙwallon zamani, ya tara kuɗinsa ya nemi wani abin. Wanda ke neman abin da zai sa yaran gida su ajiye waya su zauna wuri ɗaya bayan sallar isha'i, zai samu, muddin ya yarda ya yi aikin editan da kansa. Yabon kuwa na mutanen Namco da Konami da Taito ne, waɗanda tun shekarun 1980 suka gane cewa wasa ya fi daɗi idan wanda ya ci ka yana kusa da kai, kana jin dariyarsa, kana kuma iya cewa a sake.