Jinjina ga Masu Ƙaga Sararin Samaniya a Talabijin

Masu haɗa siddabarun hoto a shirye-shiryen ƙagen kimiyya sun cancanci jinjina, domin aikinsu fassara ce irin ta mai zane. A shirin Star Trek, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1966, kuɗi ba su isa a riƙa nuna kumbo yana sauka a kowane kashi ba. Sai aka ƙago na'urar da ke ɓatar da mutum nan ta ɓullo da shi can. To yaya abin zai kasance a ido, tunda ba wanda ya taɓa gani? Suka zuba garin alminiyam cikin haske suka ɗauka da kyamara, ƙyalƙyalin ya zama jikin mutum yana narkewa.

Masana kan yi ƙorafi cewa kumbon shirin, Enterprise, yana wucewa da ƙara, alhali babu iskar da za ta ɗauki sauti a sararin samaniya. Gaskiyarsu. Sai dai da kunne mai kallo ke jin gudu, kuma da saninsu masu aikin suka zaɓi hakan. Samfurin kumbon da Matt Jefferies ya tsara, mai tsawon ƙafa 11, yau yana gidan tarihin Smithsonian a Washington.