Ma'anar Waƙar Rani ta Kwesi Brew

Akwai wata 'yar waƙa ta Turanci wadda a ke koya wa yara a makarantun Afirka ta Yamma, sunanta The Dry Season, watau Rani. Wanda ya yi ta mutumin Ghana ne, ana ce da shi Kwesi Brew. An haife shi a Cape Coast, a bakin teku, cikin 1928, tun ƙasar tana amsa sunan Gwalkwas. Ya yi aikin mulki, daga baya ya zama jakadan ƙasarsa a Meksiko da Senegal. Littafin waƙoƙinsa na fari ya fito cikin 1968, shi kuwa ya rasu cikin 2007.

Waƙar gajeriya ce ƙwarai, ba ta kai layi ashirin ba, an kuwa kasa ta uku. A kashi na fari mai waƙa ya nuna mana ƙarshen shekara, iskar hunturu tana kakkaɓe itatuwa, mutane sun raɓe a jikin ɗakuna sun kasa kunne. A na biyu ya dubi ciyawa ta yi tsawo ta bushe, ya dubi ƙura da tarin ganye a kan hanya. A na uku sai ya ambaci wutar daji da dabbobi huɗu: shaho da ɓera, kare da zomo. Iyakarta ke nan.

Galibin malamai su kan ce wa almajiransu waƙar siffanta rani ce, mai waƙa ya ga abin da ya ba shi sha'awa ya rubuta. Ban ce sun yi ƙarya ba, amma sun tsaya a bakin ƙofa. In mai karatu ya lura zai ga kashi biyun farko suna maganar abin da a ke ciki ne yanzu, na ukun kuwa abin da bai riga ya auku ba. Har waƙa ta ƙare ba a kunna wutar ba, ana dai cewa tana tafe, ta yi kusa. To, ashe ciyawar nan da ya tsaya yana yabon launinta, makamashi ce ya ke nuna mana. Duk kyan da ya zana a sama, itacen hura wuta ne ya ke jerawa. Wanda ya gane wannan, in ya koma farkon waƙar ba zai sake karanta ta da kwanciyar rai ba.

Sai mu yi tambaya, wa zai sa wutar? Mai waƙa bai faɗi ba, amma duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani. Daji ba ya kan kama da kansa ba sai nadiran. Mafarauta ne su ke cinna masa wuta, don nama ya rasa maɓoya. Ina yaro na bi farauta irin wannan, na ga yadda shirwa ta ke taruwa a kan hayaƙi tun harshen wuta bai tashi ba, tana jiran fara da ɓeraye su fito. Mu kan ce abin da ya koro ɓera ya fāɗa wuta ya fi wutar zafi. A nan an juya maganar: wuta ce ta koro shi, abin da ke jiransa a fili kuwa bai fi ta sauƙi ba.

A nan ne, a ganina, gwanintar mutumin ta ke. Ya haɗa maharba biyu waɗanda ba halinsu ɗaya ba. Shaho ba wanda ya aike shi, yunwarsa ce ta kawo shi, haka Allah ya halicce shi. Amma kare yana da ubangiji. Ba ya farauta don cikinsa, wani ne ya riƙe shi da igiya har wuta ta kama, sa'an nan ya sake shi, in ya kamo kuwa ƙashi a ke jefa masa. Watau a cikin wahalar rani akwai wadda ta sauko daga sama, akwai kuma wadda ɗan Adam ya shirya da hannunsa. Mai waƙa bai ambaci mai karen ba ko sau ɗaya, ya bar mu mu nemo shi.

Ya kamata mu rarrabe rani da fari. Rani baƙo ne na kowace shekara, an san ranar zuwansa, an yi masa tanadi. Fari kuwa shi ne damina ta zo ta tafi ba ta cika alkawari ba. Brew rani ya waƙe, ba fari ba. Amma abin da ya nuna, fari ne ya ke fito da shi sarari. Tsofaffinmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Buhu ta 1927, da yawanmu kuwa sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. Ruwa ya ɗauke wa kowa, mai shi da marashi, amma ba kowa ya rame ba. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara ya sayar da akuya, ya sayar da garma, ya jinginar da gona. Makiyayi ya kora saniyar da ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, ya bayar da ita a kuɗin da ba su kai na 'yan kwanonin gero ba. Duk abin da wani ya sayar da hawaye, ai wani ne ya saya da murna. Da ciyawa tana kore, ɓera yana kiwo a gindinta shaho bai gan shi ba. Haka talaka, cikin shekarar ƙoshi asirinsa a rufe ya ke, ran da sutura ta ƙone sai a ga wanda ke gudu da wanda ke bi.

Mu koma ga mutanen nan da su ke tsaye jikin ɗaki. Su kaɗai ne 'yan Adam a waƙar, ba su kuwa yi kome ba illa sauraro. Sun ji abin da iska ta ke faɗi, ba wanda ya ɗauki lauje ya share gefen gari, ba wanda ya gargaɗi maƙwabcinsa. Ko tsoro ne ya tsai da su, ko kuwa su ne masu karnukan, suna jiran ciyawa ta ƙarasa bushewa? Na daɗe ina juya wannan, na fi karkata ga cewa duka biyu ne, gama a gari ɗaya a kan sami mai fargabar rani da mai ɗokinsa, inuwa ɗaya kuwa su ke sha.

Cikin 1983 fari ya sauka a Ghana, wutar daji ta cinye gonakin koko da na abinci, aka yi yunwa mai tsanani. A shekarar ce kuma aka kori 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya daga Nijeriya, suka koma gida suka tarar da wannan hali. Wanda ya karanta waƙar bayan haka yana iya cewa mai ita ya yi duba. Ni ban yarda ba. Bai san gaibu ba, abin da ya ke gani kowace shekara ne ya kalla da kyau.

Ko da ya ke na yaba, waƙar ba ta rasa aibi ba. Ranin mutumin bakin teku ne, mai sauƙi. Ba rijiyar da ta ƙafe a ciki, ba mata da tulu tun asuba, ba shanu, ba 'yan ci-rani a kan hanya. Ganyayen nan masu launi iri iri kuwa, ina zaton rabinsu daga waƙoƙin kakar Ingila da ya karanta a makaranta suka faɗo. Mutumin Damagaram ko Daura zai ce wannan bai ga rani ba tukuna. Kashi na biyu ya yi nauyi da ado, sai a na uku ne harshensa ya saki, kalmomi suka gajarta, waƙar ta shiga gudu kamar dabbobin da ke cikinta.

Da zomo ya rufe, ya kuwa kira ransa ƙanƙane. Ga mai kare haka ne, nama ne na miyar dare ɗaya. Ga zomo kuwa ba shi da wani ran sai shi. A tatsuniyoyinmu zomo mai wayo ne, kullum ya kan sami dabarar da zai kuɓuta. Wannan zomon ba a ba shi dabara ko ɗaya ba, sai ƙafafunsa. Mai waƙa ya ajiye alƙalami zomo yana cikin gudu, karnuka na bayansa, bai gaya mana ko ya kai rami ba.